Wanda Ya Ba Jatau Ruwa

Alhaji Abdulkahar ya same ni a rumfar mai faci a Takur, ina jiran a gyara mini tayar keke. Ko zama bai yi ba.

"Baba Ɗanmusa, an sace mana bijimi. Faɗi abin da za ka karɓa mu tafi yanzu."

Na san shi sarai. Ɗan kasuwar hatsi ne, kuma shi ne ciyaman na ƙungiyar taimakon juna ta Kanyar Gabas, ƙauyen da gonata take a bayansa. Ƙungiyar tana da shanun huɗa biyu da amalanke. Da su ake yi wa zawarawa da tsofaffi huɗa, da su ake fitar da marar lafiya bakin titi idan damina ta ɓata hanya. Duk masu aikin 'yan sa kai ne, ba wanda ake biya.

"Kuɗin ƙungiya ido ya yi musu yawa, Alhaji, ba na so. Idan bijimi ya dawo, ku yi mini huɗar gonata."

"An gama."

"Da saura. Ba a kai kowa wurin 'yan sanda sai na buɗe baki."

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ai ɓarawon ma mun san shi. Sagiru ne, shi ne mai gadin jiya. Yana can zauren mai unguwa."

"In kun san ɓarawo, me kuke nema a wurina?"

"Bijimin mana, Baba."

"Ni ban iya bin sawun dabba in tsallake na mutum ba. Tare suke tafiya."

Ya dubi wayarsa, ya mayar aljihu. "Zuwa la'asar ɗin gobe. In ba ka ce komai ba, mota za ta zo ta ɗauke shi."

Muka tafa. Na bar keken a wurin mai faci, na hau bayan babur ɗinsa.

*

Garken yana bayan ofishin ƙungiya, an kewaye shi da kara da 'yar ƙofar langa-langa. Na tarar da rabin gari a bakin ƙofar, kowa ya taka inda ya ga dama, kowa da ɓarawonsa a baki. Wasu na cewa Sagiru, wasu na cewa Sagiru da Misbahu mahauci, wani tsoho na ta nuna gabas yana cewa ai makiyaya sun sauka a bayan duwatsu.

Na ce kowa ya tsaya inda yake, na shiga ni kaɗai.

An yi yayyafi a daren, irin wanda yake kwantar da ƙasa ba tare da ya yi gudu ba. Mai bin sawu ba ya roƙon abin da ya fi wannan. Duk takun da aka yi kafin ruwa za ka gan shi da ɗigo-ɗigo a ciki, wanda aka yi bayan ruwa kuwa sumul yake kamar an dangwala shi da hannu.

Turke biyu ne. Ɗaya babu kowa, nan ne wurin Ɗanbuji, farin bijimin da aka ɗauke. A ɗayan ga Jatau a tsaye yana tuƙa, ko a jikinsa. Abin da na fara lura da shi igiya ce. Ba a yanke ta ba. An kwance ta, an naɗe, an rataye a kan turken. Na daɗe ina bin ɓarayin shanu, ban taɓa ganin wanda ya bar igiya ba, balle ya naɗe ta.

Sai kashin shanu. An tattara shi gefe guda, ga shatin tsintsiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Sai baho. Yana dama da Jatau, da ruwa fiye da rabi a ciki. Amma a hagunsa, kusa da ƙofa, ga da'irar gindin bahon a ƙasa, busasshiya, ruwan sama bai taɓa ta ba. Wato a can bahon ya kwana har aka gama yayyafi, daga baya wani ya ɗauke shi ya zagaya da shi.

Na tsaya a hagun Jatau na kaɗa hannu. Bai motsa ba. Na zagaya dama na kaɗa, ya kawar da kai yana huci. Na riƙe wannan a cikina, na fito.

"Waye ya yi shara da safen nan?" na tambaya.

Aka dubi juna. Wani saurayi ya ce, "Shara kuma, Baba? Ana ta sata wa yake ta shara?"

*

Sagiru yana zaune a ƙasa a zauren mai unguwa, ya haɗa kai da gwiwa. Ɗan acaɓa ne, dogo, mai tabo a gira. Tun a hanya Alhaji ya ba ni tarihinsa: ya taɓa shaye-shaye, ya taɓa kwana a hannun hukuma saboda faɗa. Ya shiryu, ya shiga ƙungiya, har Malam Talha mai makarantar allo ya yarda zai ba shi 'yarsa Safiyatu, an sa rana bayan kaka. Da safen nan Malam ya aiko cewa idan abin ya tabbata, a zo a kwashe kayan sa rana.

"Ina kwana, Baba."

"Kai ne mai gadi?"

"Ni ne. Wallahi a wurin na kwana, barci ne ya ɗauke ni."

"Cire takalminka in gani."

Ya miƙo. Silifa ne, dugadugin dama ya cinye ta waje, irin na masu taka giya da birki.

"Wannan takalmin ya fita daga garke ya yi arewa, kuma ruwa ya sauka a kan sawunsa. Bai dawo ba sai da gari ya waye. Ka rantse da Allah a kan ƙarya, yaro. Kada ka ƙara."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Gida na tafi."

"Don me?"

"Baba, mu huɗu aka sa gadi, bibbiyu. Tun da aka fara ruwa ba wanda ya ƙara zuwa sai ni. Wannan ya ce matarsa ba lafiya, wancan ya ce ya gaji da gona. Na yi wa ciyaman magana, ya ce in yi haƙuri lada nake samu. Na ce to a ba ni gidan sauro da tocila, ya ce sai an yi taro. Da rana ina kan babur, da dare sauro na cina. Shekaranjiya saura kaɗan in zubar da wata mata da goyonta a kwalta saboda gyangyaɗi. Jiya da na ga hadari, na ce yau ɗaya dai."

"Me ya hana ka faɗi haka?"

"In ce na gudu daga gadi? A gaban Malam?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Da safe da na zo, ko tambayata ba su yi ba. Wanda bai taɓa kwana a garken ba shi ya fara riƙe mini riga."

"Ka ba su ruwa kafin ka tafi?"

"Na manta."

"Ina kake ajiye bahon?"

"Nan bakin ƙofa. Duk mu a nan muke ajiyewa, ya fi kusa da famfo."

Barinsa gadi bai wanke shi ba. Mai gadi yana iya tafiya don ya bar wa abokin cin mushe ƙofa. Na ce masa ya ci abinci, na fita.

*

Sawun ya fita ta ƙofa ya bi bayan masallaci ya yi gabas. Mutum ɗaya ne, da takalmin roba irin na gona wanda rabin mazan garin suke sawa. Yana gaba, bijimin yana biye, don kofato yana sauka a kan sawun mutumin. Babu turjiya, babu ja, babu wurin da aka tsaya kokawa. Dabbar da aka sata takan waiwaya garke, sawunta ya yi ta karkacewa. Wannan tafiya yake kamar za a kai shi kiwo.

A gindin wata kanya sun tsaya. Bijimin ya ci sabuwar ciyawa, mutumin ya tsuguna yana jira. Ɓarawo da kayan sata a hannu, gari na shirin wayewa, ya zauna jiran dabba ta ƙoshi.

Daga nan suka hau falalen dutse, irin shimfiɗaɗɗen nan da ya cika gabashin garin. Na zagaya shi har rana ta take, gwiwoyina suna ƙara. A ɗaya gefen akwai burtali, shanun makiyaya sun bi ta kai da safe sun tattake komai. Nan sawu ya ƙare mini. Ƙasa ta faɗi iya abin da ta sani, saura mutane.

Samarin da suka biyo ni suka fara zumuɗi. "Mun faɗa! Rugar can ce. Mu je mu duba."

"Wanda ya taka rugar nan, ni zan kai sunansa wurin mai unguwa," na ce. "Bijimin da bai san mutum ba ba ya bin sa babu igiya."

*

Misbahu mahauci yana kankare teburinsa a bakin kasuwa. Gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya rufuwa.

"Baba mai sawu! An ce ni na yanka shi ko? Shigo ka duba, in ka ga ko wutsiya ce taka ce."

"An ce an gan ka a garke kana shafa shi."

"An gan ni. Ai duk dabbar da na gani sai na auna ta da ido, sana'a ce. Ko kai da ka shigo na auna ka, ba riba."

"Me ka gani a jikinsa?"

Ya ajiye wuƙar. "Miki. Nan gaban tozo, inda karkiya take zama. Ya kai tafin hannuna, ƙuda ya fara yi masa ƙwai. Na ce wa ciyaman, Alhaji, wannan in ba ku hutar da shi ba, kafin a gama huɗa nawa ne, kuma a arha. Shi ne aka ji, aka ce na yi barazana."

"Me ya ce?"

"Ya ce gonaki na jira. Kuma gaskiyarsa, suna jira. Ya yi wa kowa alkawari, har da waɗanda ba zawarawa ba. Ka san Alhaji, ba ya iya cewa a'a sai ga wanda yake yi masa aiki."

Na dubi ƙafarsa. Ƙarama ce, kuma yana tafiya yana watsa ta waje kamar agwagwa. Ba shi ba ne.

*

Halimatu Sa'adiya ita ce shugabar ɓangaren mata. Dattijuwa ce, mijinta ya rasu, tana sayar da ƙuli-ƙuli. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta zauna daga bakin ƙofar ciki.

"Hajiya, waye ya koya wa shanun nan huɗa?"

"Malam Uwaisu. Tun suna 'yan maruƙa a gidansa suke. Shi ne ci, shi ne sha, harawar gonarsa ita suke ci. Matarsa har tsiya take masa, wai da ita da Jatau ba ta san wacce ce uwargida ba."

"Ya aka yi suka bar gidansa?"

"Baƙi ne za su zo daga Dutse su ga aikin ƙungiya. Aka ce ai ba tsari a ce dukiyar jama'a tana gidan mutum ɗaya, aka yi garke a bayan ofis. Ranar da aka kwashe su ba a ma gaya masa ba, yana gona, ya dawo ya tarar da turaku. Da baƙin suka zo aka raba riguna masu tambari, aka tsaya aka yi hoto da shanun. Rigunan ba su kai kansa ba."

"Ya yi magana?"

"Uwaisu? Ai ba ya magana a kan kansa. A kan mikin nan dai ya yi, a taro, da kunnena na ji. Ya ce a sauke wa Ɗanbuji karkiya. Aka ce a bari sai taro na gaba. A na gaban ya ɗaga hannu, aka ce lokacin sallah ya yi. Tun daga nan ya ce ƙafa ta kama shi, ba a ƙara ganinsa ba."

"An je duba shi?"

Ta gyara mayafi. "Ni dai na aika da kunu."

*

Na je gidansa washegari da hantsi. Yana kishingiɗe a zaure, ƙafar hagu naɗe da tsumma. Siriri ne, mai furfura a gemu, idonsa a ƙasa. A tsakar gidan na hango turaku biyu, ba a tuge su ba, kuma an share kewayensu tas.

"Ya jiki, Malam Uwaisu?"

"Da sauƙi, Baba. An ce kai aka ɗauko."

"Ni ne. Sawu ya ɓace mini a dutse."

"Allah ya bayyana."

Muka taɓa hirar damina, da tsadar taki, da ciwon ƙafa. Na ba shi labarin wani mai magani a Kafin Hausa. Na jira ya tambaye ni ko akwai alamar an yanka Ɗanbuji, ko an loda shi a mota, ko ta ina aka bi da shi. Bai tambaya ba. Sai da na miƙe ina neman takalmina ya ce,

"Baba, shi Jatau ɗin, an kuwa ba shi ruwa yau?"

Mutum ya reni dabba biyu kamar 'ya'yansa, an sace ɗaya, hankalinsa yana kan wanda ya rage.

"Yaron nan Sagiru," na ce, "da la'asar mota za ta zo."

Hannunsa ya tsaya a kan gemu. "Ai ba za su kai shi ba. Ba su da shaida."

"Suna da tabon da ke girarsa. Ya ishe su. Ka daure ka zo garke bayan azahar, kowa zai zo."

Na ba shi dama ya yi magana, na ma daɗe ina ɗaura takalmi. Bai yi ba.

*

Bayan azahar garke ya cika. Mai unguwa a kan kujera, Malam Talha a gefensa da carbi, Alhaji Abdulkahar a tsaye yana duba waya. Aka kawo Sagiru. Ga Misbahu, ga sauran samari uku na gadi, ga Uwaisu da sanda yana ɗingishi. Mata suna daga bayan kara.

Tun da safe na hana a ba Jatau ruwa. Na share filin garken, na yayyafa masa ruwa, na fitar da bahon waje.

"Ranka ya daɗe," na ce wa mai unguwa, "sawun mutum yakan canja idan ya ɗauki kaya. Ina so kowane ɗayansu ya ɗauki bahon nan da ruwa, ya shiga ya ajiye wa bijimi, in ga takunsa."

Ba gaskiya ba ne, amma ya yi aikinsa. Kowa hankalinsa ya koma kan ƙafarsa.

Misbahu ya fara. "Ku kalla da kyau jama'a, tafiyar mai gaskiya ce." Ya dire bahon a bakin ƙofa ya fito ana dariya. Jatau ya ji ƙarar ruwa, ya yi ta juya kai yana nema, kafin ya kai baki na sa an ɗauke.

Samarin uku suka bi, kowa yana taka ƙasa kamar mai tafiya a kan ƙwai, kowa ya dire a bakin ƙofa. Sagiru ma haka. Har Alhaji na sa ya ɗauka, ya ɓata fuska amma ya yi, ya jiƙa shaddarsa.

"Malam Uwaisu."

"Haba Baba," in ji Alhaji, "mutumin da ba shi da ƙafa?"

"A rage masa ruwan."

Ya jingine sandar ya ɗauka. Ɗingishin ya yi shi da kyau, ban ga aibinsa ba, duk hankalinsa yana can. Ya shiga ƙofa, ya wuce inda kowa ya ajiye, ya zagaya ta bayan turke ya fito ta dama. Ya share ƙasa da gefen ƙafa, ya dire bahon, ya ƙwanƙwasa bakinsa da yatsa. Jatau ya sa kai kai tsaye ya hau sha.

Uwaisu ya ɗora hannu a wuyansa. Sai a lokacin ya ɗago ya ga ina kallonsa, kuma ba ƙafarsa nake kallo ba.

"Me ya sa ka kai can, Malam Uwaisu? Ga bakin ƙofa kusa, ga ka da ciwo."

"Ba ya gani da hagu," ya ce a hankali. "Ƙaya ce ta soke shi yana ƙarami."

"Waye ya san haka a nan?"

Alhaji ya matsa ya leƙa idon bijimin, ya dawo.

"Ranka ya daɗe," na ce, "wanda ya ɗauki Ɗanbuji ya kwance igiya ya naɗe, ya share garke, ya ɗauke bahon nan daga bakin ƙofa ya cika shi ya kai dama. Bayan ruwa ya yi, lokacin Sagiru yana gidansu yana barci. Laifin Sagiru barin gadi ne da ƙarya. Sauran kuwa, ga mai shi nan ya maimaita a gabanku."

Wuri ya kaure. Mai unguwa ya ɗaga hannu.

Uwaisu ya tsuguna, ya kwance tsumman ƙafarsa da kansa, ya ninke shi. "Yana nan da ransa. Yana rugar Jauro Muhammad ana wanke masa mikin. Ni ban fito da niyyar ɗaukarsa ba. Nakan zo kafin asuba in leƙa su ta kara in koma. Jiya na zo ba kowa, ƙofa ba a kulle ba, baho a bushe, na haska wuyansa na ga tsutsa. Kuma na san da safe za a ɗaura masa karkiya. Na kwance shi, ya biyo ni."

"Dukiyar jama'a ce!" in ji Alhaji. "Ba ka da baki ne? Ba sai ka faɗa ba?"

"Ya faɗa, Alhaji." Muryar Halimatu Sa'adiya ce daga bayan kara. "Ka ce sai taro na gaba."

Alhaji ya ce, "Gonaki ne suka yi mini yawa. Kowa ni yake kira."

Malam Talha ya tattara carbinsa a tafin hannu.

"Malam Uwaisu, tausayin dabba na gane shi, kuma Allah ba zai bar shi ba. Amma ka ji an kama yaron nan. Ka kwana a gidanka, shi ya kwana a zaure ana leƙensa, uwarsa tana kuka har makwabta na ji. Ni da kaina na aika a kwashe kaya. Shi wa zai wanke masa nasa mikin?"

Uwaisu ya kasa ɗaga kai. "Na ji tsoro, Malam. Na ce ai za su sake shi."

Mai unguwa ya yanke magana a wurin. Ba mota, ba 'yan sanda. Uwaisu zai je da ƙafarsa ya dawo da bijimi, ya je gidan su Sagiru ya ba uwarsa haƙuri a gaban mutane. Shanu za su koma gidansa, ƙungiya ta riƙa kai dusa da kanwa, kuma ranar da ya ce dabba ba za ta fita ba, ba za ta fita ba.

Alhaji ya nufi Sagiru da hannu a miƙe. "Ka yi haƙuri, ɗana. In sha Allah za a ba ka riga, za a sayi tocila."

Sagiru ya karɓi hannun, don yana da tarbiyya. Sannan ya laluba aljihu ya fito da makullin ƙofar garke ya sa masa a tafi.

"Na yafe, Alhaji. Amma ku nemi wani."

*

Da yamma muka je rugar da Uwaisu, yana gaba ba ɗingishi. Ɗanbuji yana gindin wata bishiya, wuyansa shafe da magani. Da ya ji muryar mutumin sai ya taso. Haka suka dawo gari, mutum a gaba, bijimi a baya, ba igiya.

Ga yadda aka tashi. Sagiru ya tsira da sunansa da aurensa, an ɗaura bayan kaka, na ci shinkafar. Ƙungiya ta sami bijiminta, ta rasa mutum ɗaya tilo da yake zuwa gadi, kuma har yau in an yi masa zancen dawowa sai ya tayar da babur. Uwaisu ya sami shanunsa, amma ya daina zama sahun gaba a masallaci, kuma uwar Sagiru ba ta amsa gaisuwarsa. Alhaji yana nan a kujerarsa, sai dai yanzu in an ɗaga hannu a taro yakan tsaya ya ji, ko da an kira sallah ya ce a dawo bayan an idar. Zawarawa sun yi asara, don huɗarsu ta makara a shekarar. Misbahu ya ce shi ya fi kowa asara, nama ya wuce shi a arha.

Ni kuwa da na je karɓar ladana, Alhaji ya ce alkawari yana nan, in je in gaya wa Uwaisu. Na je. Uwaisu ya dubi wuyan Ɗanbuji, ya dube ni, ya ce bana dai ba zai ɗauki karkiya ba, kuma bijimi ɗaya ba ya huɗa. Dokar da aka kafa a gabana ce, a kaina ta fara aiki.

Da garmar hannu na yi huɗar gonata. Ina cikin kunya ta biyu na ji babur ya tsaya a bakin gona. Sagiru ne, da tasa garmar ɗaure a baya. Bayan gaisuwa, ya kama daga ɗaya gefen.